Wayar da ta kasa ɗaukar wuta zuwa ƙwan zabi

Akwai wani mutum, tsohon malamin makaranta, ana ce da shi Baban Tabita. Tun da ya ajiye aiki, ba shi da abin sha'awa kamar haɗe-haɗen kayan lantarki. Kuma ba ya yar da kome. Ko guntuwar waya ya gani a hanya, sai ta kwana a aljihunsa.

Ya ƙera akwatin ƙyanƙyasar ƙwai da katako. A ciki ya sa fitila mai ba da ɗumi da 'yar fanka, ya kuma sa wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai kai tafin hannu ba. Aikin allon shi ne in akwatin ya yi sanyi ya kunna fitila, in zafi ya yi yawa ya kashe. Dukansu daga batir guda suke shan wuta.

Matarsa, Maman Tabita, tana kiwon zabi. Kun san zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, saboda haka sai ta sa wa kaza ƙwan ta kwanta musu. Kwanci ya yi nisa ke nan, sai ran nan da safe muzuru ya ɗauke kazar. Matar ta kwashe ƙwan a zane, da sauran ɗuminsu, ta zo wurin mijinta.

Ta ce, "Baban Tabita, yau dai ranar akwatin nan naka ta zo. In ƙwan nan suka huce, shi ke nan, sun mutu."

Mutumin ya yi murna ƙwarai. Ya jera ƙwan, ya jona wuta, 'yar koriyar fitilar da ke jikin allon ta kama. Amma da allon ya kunna fitilar ɗumi, sai kome ya ɗauke ɗif. Jim kaɗan allon ya farfaɗo, ya sāke kunnawa, ya sāke mutuwa. Haka ya yi ta yi, akwati kuwa sanyi ƙalau.

Sai ya cire fitila da fanka don hannunsa ya sami wuri, ya ɗauko mitarsa ta awon wuta, ya auna. Wuta cike take. Ya ce, "To, ba wuta ba ce." Ya mai da fitila da fanka, ya sāke rubuta wa allon umarni, bai yi ba. Ya cire allon, ya sa wani sabo da yake ajiye da shi, sabon ma ya bi sawun tsohon. Gumi ya karyo masa, tsoro ya kama shi, gama matar tana ta ɗumama ƙwan da gorar ruwan zafi a cikin zane, kuma ba za su jure haka har yamma ba.

Ta leƙo ta ce, "Mitar taka me ta ce?"

Ya ce, "Ta ce lafiya lau."

Ta ce, "Ai ni ma lafiya lau nake in ina zaune. Bari in ɗora tulu a ka, sa'an nan ka tambaye ni."

Mutumin ya kalle ta, sai ya fashe da dariya. Ya ce, "Zo ki riƙe mini mitar nan, Maman Tabita." Wannan karon ya bar fitila da fanka a wurinsu, ya jona, suka zuba wa mita ido su biyu. Fitila na kamawa, sai awon ya fāɗi warwas. Ya bi waya da yatsa daga batir zuwa allo, ya ji ta yi zafi. Ashe tsohuwar wayar cajin salula ce da ya tsinta, doguwa, siririya kamar zare. Tana iya ɗaukar wutar 'yar koriyar fitila, amma ba ta iya ɗaukar wutar aiki.

Ya yanke ta, ya sa gajeriya mai kauri, ya mai da tsohon allonsa. Fitila ta kama, ta zauna daram. Da kwanaki suka cika, 'yan zabi suka fasa ƙwai suka fito, suna ta tsiwirwiri. Maman Tabita ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka shigo, aka yi ta yabon Allah. Wayar nan kuwa, a karo na farko a rayuwarsa, Baban Tabita ya yar da abu.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Batir ɗin nan ikon Ubangiji ne, bai taɓa raguwa ba. Allon kuwa zuciyarka ce. Wayar ita ce zamanka da Allah, wato addu'arka da sauraron Maganarsa.

Ran Lahadi kowa fitilarsa koriya ce shar. Muna waƙa, muna tāfi, in aka auna mu a nan cikin sujada, duk cike muke. Amma bari Litinin ta zo, yaro ya kwanta ciwo, maƙwabciya ta yaɓa maka magana. Nan ne ake ganin wayar kowa. Ku masu dariya a bencin baya, na gan ku, har da ku nake.

Abin da ke ba ni tausayi shi ne, in mutum ya fāɗi haka sau biyu, sai ya ce shi ba shi da amfani. Wani ya sāke ikilisiya, wani ya ce Allah ya yashe shi. A'a, ɗan'uwana! Allonka lafiyarsa ƙalau, batir kuma cike yake. Addu'ar taka ce ta sirance, ka kuwa yi nisa. Wannan labari ne mai daɗi, domin gyaransa yana hannunka yau ɗin nan: matso kusa, ka ƙara kauri.

Kada kuma ka ce sai wani mako. Akwai waɗanda Allah ya jera a cikin akwatinka, 'ya'yanka, da mijinki, da wanda bai daɗe da ba da gaskiya ba yana kallonka. Ɗuminka suke jira, ƙwai kuwa ba ya daɗewa a sanyi.