Nazifi da Kaskon Hayaƙi

Ranar wata Alhamis, bayan la'asar, Nazifi ya hamɓare kaskon wuta a tsakar gida, garwashi ya faɗa wa ƙanwarsa mai rarrafe a ƙafa. Shekararsa takwas, maganarsa ba ta da yawa. Likita ya daɗe da gaya wa uwarsa Barira cewa lalura ce da ake kira otizim. Kakarsa kuwa, Iya Kubura, ta tsaya a kan iska ce ta shafe shi, don haka kullum da yamma sai ta zuba magani a kasko ta turara gidan. In abin ya motsa masa, ya yi ta ihu ke nan, yana cizo, yana buga kansa da bango.

Da aka dawo da jaririyar daga asibiti, kakansa Malam Ɗanjuma, wanda kowa a gidan ke cewa Baba, ya yanke magana. Akwai wani mai magani a bayan gari da ke sa wa irin waɗannan yara mari a ƙafa. Ranar kasuwa mai zuwa za a kai Nazifi can, a ba mutumin karsanar da ke ɗaure a turke. Uban yaron yana kudu wurin aiki, da aka buga masa waya ya ce duk abin da Baba ya gani.

Barira ba ta iya musu da surukinta, amma ta san in yaron ya sake ji wa wani ciwo, ba za a ma jira ranar kasuwa ba. Sai ta kwashe duk abin da zai fashe ko ya yanka daga ɗakinta, ta jingina katifa da bango. Da ta ga ya fara kaɗa hannuwa, sai ta miƙa wa wani jaririyar, ta ja shi ɗaki, ta zauna a bakin ƙofa. Ba ta riƙe shi, ba ta yi masa tsawa, kamar yadda aka koya mata a asibiti. Damtsenta duk shaidar haƙora ne, ta rufe da mayafi. A makon nan ba wanda ya ji ciwo a gidan sai ita.

Gwaggon yaron, Lantana, tana fama da asma. Ana kunna kasko take gudu bayan gida, wajen randunan ruwa. Wata yamma ta tarar da Nazifi ya riga ta zuwa, ya tsuguna, ya toshe hanci da rigarsa. Ta zauna nesa kaɗan tana kallonsa. Can sai aka zo aka ja shi zuwa wurin hayaƙin, nan take ihu ya tashi. Washegari ma haka. Ta sami Barira ta ce, "Ɗan nan naki abin da ke korata shi ke korarsa. Bambancinmu, ni ba mai kamo ni."

Barira ta ce, "Wa zai gaya wa Iya?"

"Ni mana. Ai ba korata za ta yi ba, ni ta haifa."

Iya Kubura ta ji zafin maganar, ta wuni ba ta kula kowa ba. Amma da yamma ta yi, ba ta hura wuta ba. Ta ɗauki kujerarta ta zauna tana kallon jikanta yana jera murafen kwalba a gindin bango har aka kira magariba. Kwanakin da suka biyo baya ma kaskon yana kife.

Ranar kasuwa mota ta tsaya a ƙofar gida, aka kwanto karsana. Iya Kubura, wadda tun aurensu ba ta taɓa mayar wa mijinta magana a gaban mutane ba, ta zauna a bakin zaure ta miƙe ƙafafu.

"Malam, in mari za a sa, ga nawa ƙafafun. Sun fi nasa kauri."

"Ke ce fa kika ce iska ce."

"Na ce. Yanzu kuma na ce a mayar da saniyar nan turke."

Tsohon ya juya ya sallami direba.

Nazifi bai warke ba. Har yanzu abin yakan motsa masa in gida ya cika da baƙi, Barira ta ja shi ɗaki ta zauna a bakin ƙofa. Amma ya ragu ƙwarai, ƙafar ƙanwarsa ta warke, kuma a gida yake kwana. Malam Ɗanjuma ya ce karsanar ta riga ta fita daga dukiyarsa tun ranar da ya ambace ta, don haka zai ba wadda ta hana a kai jikansa gidan mari.

To, jama'a, ga Barira da ta tare da jikinta, ga Lantana da ta gano hayaƙin, ga Iya Kubura da ta zauna a bakin zaure. Wace ce a cikinsu za a miƙa wa igiyar karsanar?