Ƙeyar Ciyaman

Ciyaman ɗin wata ƙaramar hukuma ya zauna aski a rumfar Tanimu wanzami.

Ya ce, "Daga yau mu za mu riƙa duba aikinmu da kanmu. An ce kai ne sarkin gunaguni, Tanimu. To, nuna mini aibina wanda idona ba zai gano ba, ko in sa a rushe rumfar nan."

Tanimu ya gama aski, ya miƙa masa madubi. "Ya yi, ranka ya daɗe?"

"Ya yi tas!"

Ciyaman na miƙewa, masu jiran layi suka ƙyalƙyale da dariya. Ya shafa ƙeya, ya ji suma tana nan, aska ba ta taɓa ta ba.

"Kai, mene ne haka?"

Tanimu ya ce, "Kai ka duba, kai ka yaba, ranka ya daɗe. Ƙeya kuwa, sai mu na baya."