Motsin da ke Cikin Matmurar Husaini

Akwai wani manomi a yankin Simsim, kudu da Gadarif a ƙasar Sudan, sunansa Kassim, wanda ko sunan maciji ba ya kamawa da bakinsa. "Igiyar ƙasa" yake cewa, ita ma sai ya sassauta murya.

Yana da dalili. A shekarun da taraktoci suka cika yankin, ƙanensa Husaini ya je yankan riɗi a Fashaga. Ya sa hannu zai ɗaga dami, kububuwa ta sare shi a yatsa. Asibiti da nisa, mota babu. A bayan tarakta ya cika, kansa a kan cinyar yayansa. Maganarsa ta ƙarshe ita ce kada a bari 'ya'yansa su tashi a wani gida.

Husaini ya bar mata, Barira, da yara biyu, Maliki da Mairo. Ya kuma bar gonar dawa da ta nuna sosai. Kassim da hannunsa ya girbe ta, ya zuba a matmurar marigayin. Ga wanda bai sani ba, matmura rami ne mai zurfi da ake haƙawa a bayan gari, a shimfiɗa masa ƙaiƙayi, a cika shi da dawa, a rufe da ƙasa. Idan Allah ya tsare, sai hatsi ya shekara a ciki lafiya lau.

Da Barira ta fita takaba, yayanta Sharu ya zo daga Fau zai tafi da ita da yaran. Kassim ya roƙe shi, ya kai shi har bakin matmurar, ya ce ga abincin shekara nan a ƙasa. Sharu ya yarda, amma da sharaɗi: zai dawo kafin ruwa ya rufe hanya, in ya tarar babu abinci a gidan, to da su zai koma.

Duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san halinta. Baƙar laka ce, da rani sai ta dare, tsagar ta isa mutum ya zura hannu har gwiwa. Kusa da matmurar akwai wata tsohuwar aduwa, a gindinta wata mesa ta daɗe da zama, ga ƙananan macizai da ke shiga da fita cikin tsagogin. Ba su taɓa saran kowa ba. Amma Kassim in ya gan su, yatsan Husaini yake gani.

Wata ranar rani da hantsi ya ɗauko jarkar man tarakta. Ya bi tsagogin nan ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayawa, ya cusa busasshiyar ciyawa, ya ƙyasta ashana.

Hayaƙi ya riƙa fitowa ta ƙasa nan da can, har a wuraren da bai zuba mai ba. Ƙananan suka fito suna murɗewa, ya bi su da sanda. Mesar ce ta fito daga ƙarshe, a hankali, rabin jikinta a ƙone. Ba ta gudu ba. Ta ɗago kai ta tsaya tana kallonsa, har ya sauke mata gatari.

Cindo na tsaye a gefe. Ɗan kawunsa ne, direban tarakta, kuma abokin wasansa tun suna yara.

"Ya zol, mutumina, ka gama yaƙin?" in ji shi. "Jarumi, mai kashe wanda ke barci. To ka ƙwaƙule idanunta dai. An ce hoton wanda ya kashe ta yana zama a ciki, mijin ya zo ya duba, ya san wanda zai nema."

Kassim ya ce masa ya yi ta surutu, mai yatsa shida ba ya rasa abin nunawa. Suka yi dariya. Amma da Cindo ya juya, sai Kassim ya koma neman kan mesar da ya datse. Bai gan shi ba. Wataƙila shaho ya ɗauke, wataƙila kare. Ya duba ko'ina, babu.

Bayan ɗan lokaci ya je duba matmurar da tsakar rana. Irin ranar nan ce da iska ke tsayawa cak, ko tsuntsu ba ya kuka. Yana taka bakin ramin sai ya ji wani abu a ƙarƙashin ƙafarsa.

Motsi ne, siriri, kamar ana jan busasshen ganye a kan tabarma. Ya tsaya, motsin ya tsaya. Ya ɗaga ƙafa, ya ci gaba.

Bai gaya wa kowa ba. Ya koma washegari, ya durƙusa, ya kara kunne da ƙasa. Yanzu ba wuri ɗaya ba ne. Ta gabas ana ja, ta yamma ana amsawa, can ƙasa kuma wani abu na ta shuu, shuu, kamar mutane da yawa suna raɗa a ɗaki rufe. A ransa ya gama yanke hukunci: mijin ya zo, ya duba idon, ya tara danginsa, sun shiga cikin dawar Husaini suna jiran hannun da zai buɗe.

Tun daga ranar ya hana kowa zuwa wurin. Ya ƙara tara ƙasa a kan murfin, ya kewaye shi da ƙaya. Ya nemo rubutu ya yayyafa. Kullum da azahar sai ƙafarsa ta kai shi, ya tsaya daga nesa yana saurare, kuma kullum raɗar ƙaruwa take yi. Ya daina cin abinci sosai. In igiyar akuya ta taɓa masa ƙafa sai ya zabura.

Da hatsin ɗakin Barira ya ƙare, ta aika a tambaye shi yaushe za a buɗe. Ya aiko mata da dawa daga rumbunsa, ya ce ba yanzu ba. Ta sake aikawa, ya sake aunowa. Haka aka yi ta yi, gida biyu suna ci daga rumbu ɗaya, har muɗu ya fara taɓa ƙasan rumbun.

Ranar da gajimare ya fara taruwa ta wajen Habasha, Barira ta zo da kanta. Ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi.

"Yaya, ba raina abin da kake ba mu na yi ba," ta ce. "Amma matarka ta fara rage wa yaranta wainar kisra saboda nawa. Ga namu can a ƙasa. Me ke cikin ramin nan da ba ka son in sani?"

Sai Kassim ya gaya mata, da murya ƙasa ƙasa, bai ko kama sunan ba.

Barira ba ta firgita ba. Ta tambaye shi ko ya gan su da idonsa. Ya ce a'a, ji ya yi. Ta ce ita dai a saninta maciji ba ya cin dawa, kuma ba ta taɓa jin mai yawan surutu irin wannan ba. Ya ce ita mace ce, ba ta ga yadda mesar ta kalle shi ba. Ta tashi ta tafi.

Kwana kaɗan bayan haka Sharu ya iso a lori, kamar yadda ya yi alkawari. Bai zauna shan gahawar jabana ba. Ya ce a kai shi ya ga abincin.

Suka tafi da rana tsaka, shi da Kassim da Cindo, Barira na biye daga baya. Sama ta yi nauyi, zafi ya danne komai. Tun kafin su isa suka fara jin motsin. Cindo ya ɗaure buhu a ƙafafunsa saboda sara, ya ɗauki shebur. Kassim ya riƙe gatari da hannu biyu.

Suka janye ƙaya. Suka kwashe ƙasa. Da shebur ya taɓa ƙaiƙayi sai raɗar ta ɗauke gaba ɗaya, kamar an rufe baki. Wani wari ya taso, mai ɗaci, mai hawa kai.

Cindo ya yi bismillah ya ɗaga.

Ɓeraye ne. Suka ɓarke kamar ruwan da ya fasa madatsi, manya da ƙanana, suna hawa kan juna, suna bi ta kan ƙafafun mutane suna faɗawa cikin tsagogin da wuta ta baƙanta. Kassim na tsaye da gatari a sama, ba abin sara.

Da suka lafa aka leƙa. Ramin da aka cika har baki ya sauka ƙasa da rabi. Abin da ya rage kuwa dusa ce da kashi da fitsari, da 'ya'yan ɓeraye jajaye suna motsi a ciki. Bangon ramin duk huji ne, kowane huji ya nufi gindin aduwa. Sharu ya ɗebo da hannu, ya shinshina, ya watsar. Ko jaki ba zai ci ba.

Cindo ya daɗe yana kallon hujin nan. Ya ce, ba da wasa ba wannan karon: "Shekara nawa Husaini yana zuba hatsi a nan, ɓera bai taɓa shiga ba. Ashe masu gadin muka ƙone. Ni kuma na ƙara maka da zancen ido. Malesh, yi haƙuri, ɗan'uwa."

Kassim ya juya wajen Sharu ya fara roƙo. Zai yi ƙwadago, zai sayar da akuyoyi, a ba shi zuwa kaka. Sharu ya nuna masa gajimare. Ya ce in ruwa ya sauka ko tarakta ba ta fita daga Simsim, kuma yara ba sa cin alkawari.

Barira ta matso bakin ramin. Ba ta yi kuka ba.

"Yaya, ranar da ka fara jin motsin nan, da ka buɗe, da mun tsira da mafi yawansa," ta ce. "Wanda ya sari Husaini ɗaya ne, a Fashaga, kuma na bar shi da Allah. Wannan ba maciji ya yi mana ba."

Da la'asar aka ɗora gadon angarib da tukwanen Barira a bayan lorin. Kassim da hannunsa ya ɗaga yaran ɗaya bayan ɗaya ya miƙa wa kawunsu. Mairo ta tambaye shi ko zai biyo su gobe. Ya ja da baya, lorin ya tashi. Lorin bai gama ɓacewa ba aka fara yayyafi.

Darasi: Jama'a, kububuwa na kisa, wannan ba wasa ba ne. Mai shiga gona ya sa takalmi mai rufi, ya bugi dami da sanda kafin ya kai hannu, wanda aka sara kuma a garzaya da shi asibiti. Amma ba kowane maciji ne abokin gaba ba, da yawansu ɓerayen da ke cinye mana hatsi suke ci, kuma Allah bai halicci komai a banza ba. Tsoron da ya sa ka yi hattara alheri ne. Tsoron da ya hana ka buɗe ido ka duba, shi ne ke cinye amana. Ku tura wa 'yan'uwa manoma kafin yankan riɗi ya zo.