Jinin Mijin Uwa

Akwai wani manomi a Liba mai suna Mamuda, wanda ya saki matarsa Iklima tana goye da ɗansu Sagir, yaro mai ciwon sikila. Iklima ta koma Aliero, daga baya ta auri Waliyyu, direban motar albasa.

Waliyyu ne ya yi jinyar yaron nan har ya shiga firamare. In ciwon ya tashi, shi ke saɓa shi a kafaɗa zuwa asibiti a Jega. Jininsu ya zo ɗaya, duk lokacin da aka ce a ƙara wa Sagir jini, hannunsa yake miƙawa. Mamuda bai taɓa leƙowa ba.

Wata rana a kasuwar Aliero ya ji ana ce wa yaron "Sagir na Waliyyu". Abin da ya tayar da shi ke nan. Ya tara dattawa, ya ce ɗansa ba zai tashi agola a gidan wani ba. Suka ba shi yaro, bisa sharaɗin uwa da mijinta za su riƙa ganinsa duk Juma'a.

Babu wanda ya tambayi wa zai riƙa ba shi magani. Ni mai ba ku labarin nan na yi koyarwa har na yi ritaya, ban taɓa miƙa ɗalibi ga wani malami ba tare da na faɗi lalurarsa ba.

Juma'ar farko aka ce yaro yana gona. Ta biyu aka karɓi Iklima a soro, aka bar Waliyyu a rana, aka dawo masa da maganin da ya kawo. Suka kai kuka wurin dattawa, aka ce su yi haƙuri. Daga nan ko soron ma aka daina buɗewa.

Da damina ciwo ya kayar da Sagir. Wata maƙwabciya ce ta kira Iklima a ɓoye. Suka iske shi a asibiti, idanunsa sun yi fari, ana neman jini, na uban kuma bai dace ba. Waliyyu ya naɗe hannun riga.

"Malam Mamuda, don Allah bar ni in ba shi. In an gama sai in tafi, ko ganina ba zai yi ba."

"Jininka ya isa haka nan cikin ɗana. Ina da dangi."

Iklima ta durƙusa tana roƙonsa, ya tsallake ta ya hau babur zuwa Maiyama neman 'yan'uwa. Sai washegari aka samu wanda ya dace. Kafin nan ɓarin jikin yaro ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke.

Bayan sallama, Mamuda ya ga ɗawainiya ta fi ƙarfinsa. Ya kawo Sagir ƙofar gidan Waliyyu, ya ce su riƙe shi, su suka saba da shi. Waliyyu ya sunkuya ya ɗauki yaron ya shiga ciki.

Ban yarda a rufe maganar nan da "haka Allah ya so" ba. Dattawan da suka ƙulla sharaɗi suka kasa tsare shi, su sake zama, su kira Mamuda, su ɗora masa jinyar ɗansa. Lafiyar Sagir dai ba mai dawo da ita.

Darasi: Ɗa ba abin nuna isa ba ne. In aure ya mutu, kada ka raba yaro da masu ƙaunarsa don huce haushi, domin a jikinsa abin zai ƙare. Ku tura wannan ga duk mai zaman sulhun riƙon yara, ya karanta kafin ya yanke hukunci.