Katifu Sittin a Ƙofar Gidan Manaja

Akwai wani mutum da ya naɗa wa kansa laƙabin Dodon Kwamfuta. Ba wanda ya ba shi, shi ya rubuta a takarda ya manna a teburinsa.

Wani kamfanin katifu ne ya ɗauke shi. Suna da shafin intanet inda mai saye ke zaɓar katifa, ya rubuta adireshi, mota ta kai masa har gida. Duk sanda aka yi wa shafin gyara, wata dattijuwa da kowa ke kira Anti ce ke gwada shi. Shekararta tara tana danna maɓallai ɗaya bayan ɗaya, tabarau a ƙarshen hanci.

Dodo ya zo da wata manhaja. Za ka yi oda sau ɗaya tana kallonka, ta haddace duk inda ka danna da abin da ka rubuta, daga nan ta riƙa maimaitawa da kanta.

"Yallaɓai," ya ce wa Manaja, "abin da Anti ke yi a wuni, wannan kafin shayinka ya huce ta gama. A sallami baiwar Allah ta je ta yi renon jikoki."

Manaja ya ce a nuna masa ranar Laraba. In abin ya yi, Anti ta tattara kayanta.

Ranar Talata Anti ta leƙo ta bayan kujerarsa.

"Ɗana, shafin nan biyu ne fa, kuma kamarsu ɗaya. Akwai na gwaji, akwai na gaske. A wanne ka koya mata?"

"Anti, don Allah je ki sha maganinki. Wannan ba saƙar hula ba ce."

Bai ko ɗaga ido ya dubi adireshin shafin ba. Ina gwani ina duba irin wannan?

Da safiyar Laraba ya sha kwat, ya tara ma'aikata. Don ya burge, gidan Manaja ya koya wa manhajar a matsayin adireshi, katifar kuwa mafi girma a kamfanin.

"Sau nawa kake so, Yallaɓai? Goma? Haba, goma ta masu lalube ce. Sittin!"

Ya danna. Allo ya shiga rawa shi kaɗai, koriyar alama na fitowa bi da bi. Aka yi tafi. Dodo ya juya ya ce, "Anti, in nemo miki kwali?"

Anti ta fara naɗe dardumar sallarta.

Bayan azahar wayar Manaja ta yi ƙara. Matarsa ce, kuma ko na bakin ƙofa yana jin muryarta.

"Baban yara, otal za ka buɗe ba ka faɗa min ba? Motoci huɗu sun toshe layi! An jingine katifu har sun rufe taga, maƙwabta na tambaya ko lafiya!"

Manaja ya sauke wayar a hankali.

"Kai, a wane shafi ka yi?"

Dodo ya dubi allo. A karon farko ya karanta adireshin shafin: na gaske ne. Gumi ya keto ta cikin kwat.

"Yallaɓai... amma ka ga ai komai ya yi aiki daidai."

"Ƙwarai. Anti, mayar da dardumarki. Daga yau manhajar nan a hannunki take, ba mai danna ta sai kin duba. Kai kuma cire kwat ɗin."

Wanda ya ba ni labari ya rantse da idonsa ya ga Dodo a layin, katifa a ka, matar Manaja na tsaye tana ƙirga masa: "Sha bakwai. Saura arba'in da uku, Injiniya."

Darasi: Na'ura tana maimaita abin da ka koya mata ne, har da wautarka, kuma ba ta gajiya. Kafin ka raina wanda ya riga ka a aiki, tsaya ka amsa tambayarsa. Ku tura wa duk wani dodon da ke ofishinku, ko zai karanta.