Tutar Maisandari a Kan Dutsen Jos

Akwai wani ɗan kasuwa a Maiduguri, wato Yerwa, mai suna Madu, yana sayar da yadi a Kasuwar Litinin. Mutumin kirki ne, hannunsa a sake, sai dai Allah ya yi shi da son a ce shi ne na ɗaya.

Shi ne shugaban ƙungiyar masu tattaki ta unguwar Maisandari. Duk Asabar da safe sukan taka kilomita goma, kuma ba a taɓa riga shi dawowa ba.

A ƙungiyar akwai Baba Yoila, tsohon malamin makaranta, mutumin ƙasar Biu. Shi kuma kullum shi ne na ƙarshe. Madu kan tsaya a bakin titi yana tsokanarsa: "Baba, ko mu aiko maka da keke ne?" Tsohon sai dai ya yi murmushi.

Wata rana wasu masu hawan dutse na Jos suka gayyace su. Jagoransu, wani mai barkwanci da ake kira Peter, ya turo saƙo: "Ku da ba ku san wani tudu ba sai gadar sama, ku taho da man zafi."

Maganar ta soki Madu. A gaban kowa ya ce, "Wallahi in ban kafa tutarmu a kan dutsen nan da hannuna ba, kada wanda ya ƙara kira na shugaba."

Suka yi doguwar tafiya har Jos. Washegari da hantsi, ga su a gindin wani dutse a bayan gari. Madu ya dubi Baba Yoila ya ce, "Baba, da ka jira mu a mota. Kada ka ja mana abin faɗa."

"Zan lallaɓa, Alhaji," in ji tsohon. "Amma ka ji wannan. A Yerwa ƙasa shimfiɗe take, abin da ka hango shi ne. Dutse ba haka yake ba. Kan da ka fara gani ba shi ne kan ba. Ka tattala ruwanka."

Madu ya ɗaga kai. Ga ƙololuwa can ƙiri-ƙiri, wane tattali kuma? Ya saɓa tuta ya miƙe sak, kamar wanda ya nufi shagonsa.

Gaskiya ya yi ƙoƙari. Ya bar kowa a baya, har mutanen Jos ɗin. Da ya isa, ya kwankwaɗi ruwa, ya sheƙa sauran a ka, ya soke tuta a tsagin dutse. Nan take ya ɗauki bidiyo ya tura gida: "Jama'ar Yerwa, wushe, sannunku! Ga ɗanku a ƙololuwa!"

Yana cikin amsa saƙonnin taya murna sai ga Peter da mutanensa.

"Sannu da hutawa, Alhaji," in ji Peter. Bai ko tsaya ba, ya zaga bayan wani ƙaton dutse.

Madu ya leƙa. Ashe inda yake tsaye kafaɗar dutsen ce kawai. Ga wani hawan a gaba, ya fi wanda ya baro.

Ya cire tutar ya yunƙura, sai jijiyar ƙafarsa ta ɗaure. Ya zauna daɓas. Gora babu ko ɗigo. 'Yan ƙungiyarsa suka riƙa isowa, duk wanda ya tsaya sai ya ce masa, "Wuce, ina zuwa." Kunya ba ta bar shi ya roƙi ruwa ba. Har suka ƙare, ya rage shi kaɗai da tuta a cinya.

Can sai ya ji takun sanda. Baba Yoila ne, ko haki ba ya yi.

Madu ya sunkuyar da kai, yana jiran a rama masa maganar keke. Tsohon ya zauna, ya miƙa masa gora, ya kama ƙafar yana murzawa.

"Baba, karɓi tutar nan ka kai," in ji Madu. "Ni tawa ta ƙare."

"Ba ni na yi rantsuwa ba. Tashi. A kan irin wannan na yi kiwon awaki tun ban fi sandar nan tsawo ba. Ba a hawa miƙe, gicciye ake bi. Taka ƙanana. Kada ka dubi sama, dubi dugadugaina."

Haka suka riƙa tafiya, dama, hagu, dama, hagu. Da suka kai wani tudun, Madu ya buɗe baki zai yi hamdala.

"Tukuna," in ji Baba Yoila. "Wannan ma ba shi ba ne."

Sai bayan awa guda suka jiyo hayaniyar mutane. Saura taku biyar, tsohon ya ja gefe ya ba da hanya.

"Wuce, shugaba. Cika alkawarinka."

Idanun Madu suka ciko. Ya kamo hannun tsohon ya ɗora a sandar tutar, ya ɗora nasa a ƙasa. Tare suka kafa ta, garin Jos na shimfiɗe a ƙarƙashinsu. 'Yan Maisandari suka ɓarke da sowa, babu ko ɗaya da ya rage a hanya. Peter ya cire hula ya ce, "Na janye maganar gada."

Madu ya sake ɗaukar bidiyo. Wannan karon fuskar tsohon ya haska da wayar.

"Jama'ar Yerwa, ku goge na ɗazu, kafaɗa ce. Ga kan dutsen na gaskiya, ga kuma wanda ya kawo ni."

Darasi: Kada ka raina na baya don ka riga shi a filin da ka saba, akwai hanyar da shi kaɗai ya san ta. Kuma kada ka yi shelar ka iso tun ba ka leƙa gaba ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman wanda kuka san yana da nasa Baba Yoilan bai gode masa ba.