Muryar Inna Dije a Faifai

Ku gyara zama, yau ku ne alƙalai.

A Funtuwa an yi wani dattijo, Malam Shekarau, wanda matarsa Inna Dije ta rasu ta bar shi da 'ya'ya maza uku. Tun da aka kai ta makwancinta tsoho ya daina cin abin kirki, sai kurɓar koko. Yakan ce, "Fuskarta ina ganinta, amma muryarta na nema na rasa."

'Ya'yan suka shawarta su saya masa na'urar kallon faifai ko ya ɗebe kewa. Aka aiki babbansu, Tasi'u, kasuwa. Mai shago ya nuna masa iri biyu: mai kunna faifai kawai, da mai iya naɗar abin da ake nunawa a talbijin. Ƙannensa sun riga sun ce masa, "Yaya, ɗauko mai sauƙin. Me Baba zai naɗa?" Tasi'u ya juya wannan, ya juya waccan, ya ƙi bin maganarsu, ya dawo da mai naɗa.

Na tsakiya, Lurwanu, shi ya tuna cewa shekarun baya 'yan gidan talbijin sun taɓa ɗaukar Inna tana koya wa matan unguwa yin daddawa. Ya yi ta sintiri a ofishinsu har suka gaji da ganinsa. Suka ce ba sa ba da kaset, amma za su maimaita shirin sau ɗaya.

Ranar ta zo, an zaunar da tsoho, shiri ya fara ke nan sai aka ɗauke wuta. Autansu Ɗanlami ya ruga ya kinkimo janaretan maƙwabci da ya daɗe bai tashi ba. Ya kwance shi, ya busa, ya ja igiyarsa har tafinsa ya saɓule. Janareta ya tashi, Tasi'u ya danna naɗa.

Sai ga Inna tana yi wa wata mata faɗa: "Ke, rage wutar nan, kada ki ƙona mini kalwa."

Tsoho ya yi dariya har hawaye suka jiƙa gemunsa. Can ya ce, "Akwai sauran tuwo a gidan nan?"

Da ya murmure ya ce gidan ya yi masa girma, zai koma wurin ɗayansu, shi da faifansa. Kowannensu har ya sa an share ɗaki.

To, gidan wane ne ya fi cancanta Malam Shekarau ya sauka?